Jinya A Gida: Hidimar Jiki Da Hidimar Magani

Darasinmu na wannan wata a kan jinya ne. Da wuya a sami gidan da wannan aiki ba zai sauka a cikinsa ba, in ba bana ba, baɗi. Tsoho ya faɗi ɓarin jikinsa ya shanye, ko mace ta komo daga asibiti bayan an yi mata aiki, ko yaro ya kwanta da tari wata da watanni. Sa'an nan sai wani a gidan ya wayi gari ya zama mai jinya, ba wanda ya koya masa. A cikin darasin nan in mun ce mai jinya, muna nufin mai lafiyar da ke yin hidima. Wanda ke kwance kuwa za mu kira shi marar lafiya.

Mai jinya yana ɗauke da kaya biyu. Na fari hidimar jiki, watau wanka, da wanki, da ba da abinci, da juya marar lafiya, da kai shi bayan gida. Na biyu hidimar magani, watau ba da ƙwaya a kan lokaci, da wanke rauni, da komawa wurin likita ran da aka sa. Yini ɗaya ne, hannu kuma biyu ne kaɗai. Ƙaƙa za a yi kada ɗaya ta danne ɗaya, kada kuma su biyun su kā da mai ɗaukarsu? Abin da za mu bincika ke nan.

1. Inda muke zaune

Bari mu ɗauki Aujara misali. Garin yana cikin ƙaramar hukumar Jahun, a masarautar Dutse, cikin Jihar Jigawa wadda aka yanke daga Kano a shekara ta 1991. In ciwo ya fi ƙarfin ɗakin shan magani na kusa, sai a nufi babban asibitin Jahun. A can ne ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta soma aiki tare da gwamnatin jiha a 2008, a kan haihuwa da ciwon yoyon fitsari. In ya fi nan, sai asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ko asibitin tarayya na Birnin Kudu, ko kuwa Kano.

Amma mu lura da abu ɗaya. Kwanakin da marar lafiya yake yi a gadon asibiti kaɗan ne in an gwada da watannin da zai yi a kan tabarmar gida. Ko a cikin asibitin ma, dangi ne ke dafa masa abinci, su wanke masa tufafi, su je su sayo magani. Ran da aka sallame shi kuwa, aikin da nas da malamin asibiti suke yi sai ya komo hannun matar gida ko ɗiyarta.

Har wa yau, cututtukan da ke kwantar da manyanmu yanzu masu daɗewa ne. Hawan jini, da ciwon suga, da shanyewar ɓarin jiki ba su ƙarewa a mako guda. Jinyarsu takan ratsa damina da kaka, lokacin da gero da gyaɗa da riɗi ke jiran hannu a gona. Saboda haka ba za a yi ta da ƙarfin hali kaɗai ba, sai da tsari.

2. Ayyuka biyu, jinya ɗaya

Mun san labarin Basamariye a Luka sura 10. Mu duba abin da ya yi bi da bi. Ya zuba wa raunin mai da ruwan inabi, ya ɗaure, wannan hidimar magani ce irin ta zamaninsa. Ya ɗora mutumin a kan dabbarsa, ya kai shi masauƙi, ya kwana yana lura da shi, wannan hidimar jiki ce. Kashegari ya ba mai masauƙin dinari biyu, ya bar masa sauran aikin, ya ci gaba da tafiyarsa. Ya yi ayyukan nan biyu, bai kuma yi su shi kaɗai ba.

Akwai kuskure iri biyu da mukan gani a gidaje. A wani gida ƙauna ta cika ɗaki. Ana dama kunu, ana matsa ƙafa, baƙi suna ta shigowa gaisuwa, amma ƙwayar hawan jini ta ƙare tun makon jiya ba wanda ya kula, gama tsoho ya ce ya ji sauƙi. Bayan 'yan watanni sai ya sāke faɗuwa. A wani gidan kuwa ɗa mai albashi a birni ya aiko da magani mai tsada, ana ba da shi daidai, amma tsohuwa tana kwance a gefe ɗaya tun asuba har la'asar a kan jiƙaƙƙen zane. Kafin a farga gyambo ya buɗe a ƙugunta, shi ne kuma zai kai ta kabari, ba ciwon da aka saya wa magani ba.

Wata mace 'yar Ingila, Florence Nightingale, ta ga wannan da idonta sa'ad da ta je jinyar sojoji a ƙasar Turkiyya a 1854, lokacin yaƙin Kirimiya. Cututtuka sun kashe sojoji da yawa fiye da raunin yaƙi, saboda ƙazanta, da cunkoso, da rashin abinci mai kyau. A 1859 ta fitar da littafi a kan jinya, ta kuwa rubuta shi musamman domin matan da ke lura da marasa lafiya a gida. Abin da ta fi nanatawa shi ne iska mai kyau, da tsabta, da abinci, da lura. Watau hidimar jiki ita ma magani ce.

3. Hidimar jiki

Juyawa. Wanda ba ya iya motsi da kansa a juya shi kowane awa biyu: dama, baya, hagu. Gama nauyin jiki yana danne fata a kan ƙashi, jini ya daina zuwa wurin, nama ya mutu. Wuraren da gyambon kwanciya ya fi kamawa su ne ƙashin ƙugu, da gefen cinya, da diddige, da kafaɗa, da gwiwar hannu, da ƙeya. A baƙar fata ba a cika ganin ja ba. Sai a nemi wurin da ya yi duhu fiye da kewayensa, ko ya yi zafi, ko tauri. In an gani, kada a kwantar da shi a wannan gefe, kada kuma a murza wurin. A sa matashi tsakanin gwiwoyi, a sa wani a ƙarƙashin ƙwauri domin diddige ya rabu da shimfiɗa.

Wanka. A goge jiki kowace rana da ruwa mai ɗumi da sabulu, a tsane sosai, musamman hammata da matsematsi, sa'an nan a shafa mai ko man kaɗanya. Zanen da fitsari ya jiƙa a canza shi nan da nan. In an shimfiɗa leda, a rufe ta da zane, kada fata ta kwanta a kan leda. Lokacin wanka shi ne lokacin duba jiki duka. Mai ciwon suga a duba masa ƙafa har tsakanin yatsu, gama ƙaya takan soke shi bai ji ba.

Abinci. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye sau da yawa haɗiya takan yi masa wuya. Kada a ba shi abinci yana kwance. A zaunar da shi a jingine, a ba shi da ƙaramin cokali, kaɗan kaɗan, a jira ya haɗiye. Kunu mai kauri ya fi ruwa tsalala sauƙin haɗiya gare shi. In yana tari ko ƙwarewa a kowane cokali, a dakata, a gaya wa malamin asibiti, gama abinci yana iya bin hanyar iska ya sauka a huhu. Bayan ya gama a bar shi a zaune wajen rabin awa, a kuma goge masa baki da haƙora.

Mai hawan jini a rage masa gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, watau wajen ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin magi. Kanwa ma 'yar'uwar gishiri ce. A ɗebe masa miyarsa tun ba a zuba waɗannan ba, a ƙara masa daddawa da albasa da citta domin ta ciwu.

Ruwa da ɗaki. A bazara, sa'ad da zafi yakan wuce digiri 40, tsofaffi sukan bushe ba su ce suna jin ƙishi ba. A riƙa miƙa musu ruwa, sai fa wanda likita ya ƙayyade masa saboda ciwon zuciya ko na ƙoda. A buɗe taga. Kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki da hunturu. A ɗaura gidan sauro.

Kunya. Wannan babban abu ne a wurinmu. Uba ba zai so ɗiyarsa ko surukarsa ta yi masa wanka ba, yana iya ɓoye jiƙaƙƙen wando yini guda saboda haka. Wajibi ne 'ya'ya maza da ƙanne su ɗauki wankan maza. A saki labule, a rufe inda ba a wankewa, a gaya masa abin da za a yi kafin a taɓa shi. Wanda bakinsa ya mutu sau da yawa kunnensa yana nan, kada a yi zancensa a kansa sai ka ce ba ya ɗakin.

4. Hidimar magani

Kafin a baro asibiti, mai jinya ya yi wa likita ko mai ba da magani tambayoyi biyar. Mene ne sunan ciwon? Kowace ƙwaya ta mece ce? Sau nawa a yini, kafin abinci ko bayansa? Har kwana nawa? Wace alama ce in mun gani za mu komo ba jira? Kada kunya ta hana. Wanda bai tambaya a Jahun ba zai yi ta ƙiyasi a Aujara.

In an ce sau uku a yini, ana nufin a raba daidai, wajen awa takwas takwas. Wanda ba shi da agogo yana da kiran sallar maƙwabta: ɗaya da asuba, ɗaya da azahar, ɗaya lokacin kwanciya bayan lisha. In sau biyu ne, da fitowar rana da magariba. In an manta ɗaya, kada a ninka na gaba.

Jin sauƙi ba warkewa ba ne. Ga misali huɗu.

Zazzabin cizon sauro: a gwada jini tukuna. Maganin da aka fi bayarwa na kwana 3 ne, safe da yamma, sha shida ke nan. Yana fi aiki in an sha shi da madara ko abinci mai maiƙo. Jiki yakan yi sanyi a rana ta biyu, amma sai an shanye duka.

Tarin fuka: maganinsa wata 6 ne, kowace rana, kyauta ne kuma a asibitocin gwamnati da aka keɓe domin haka. Yakan mai da fitsari ja, wannan ba abin tsoro ba ne. Wanda ya yanke a tsakiya yana iya jawo wa kansa irin tarin da maganin farko ba ya ci, ya kuma shafa wa gidansa. Yaran gidan, musamman 'yan ƙasa da shekara 5, a kai su a duba.

Hawan jini: ma'aunin da ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama da haka ya hau. Sau da yawa ba ya nuna alama ko kaɗan. Ƙwayar tana riƙe shi ne kamar yadda turke ke riƙe akuya, ran da aka cire turke sai ta ɓalle. Ba a dainawa sai da izinin likita.

Ciwon suga: wanda ke yin allurar insulin, ko shan wasu ƙwayoyinsa, dole ya ci abinci a kan lokaci. In bai ci ba, suga yakan faɗi ƙasa, sai ka ga gumi, da rawar jiki, da ruɗewa. In yana iya haɗiya, a dama sukari cokali uku a ruwa a ba shi, sa'an nan abinci. In ya suma, kada a ɗura masa kome. A kwantar da shi a gefe, a kai shi asibiti.

Farasitamol ma yana da iyaka. Babba ba ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini, yawansa yana lalata hanta. Magungunan mura da na ciwon jiki da yawa suna da shi a ciki, saboda haka kada a haɗa barkatai. A guji ƙwayoyin da ake tallarsu a faranti cikin rana ran kasuwa. A duba lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 domin sa ido a kan magani, a kuma duba ranar da maganin zai lalace.

A ajiye magani a inuwa, cikin gwangwani mai murfi, inda hannun yara ba ya kaiwa. Insulin ba ya son zafi. Inda babu firiji akwai dabarar da Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin fasaha ta Jigawa a Dutse, ya yaɗa domin adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekara ta 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa. Ruwan da ke ƙafewa shi ke janye zafi. A sa kwalbar cikin abin da ruwa ba zai shiga ba, a kuma tambayi asibiti kwana nawa ake aiki da ita bayan an buɗe.

A nemi littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Kowace rana a rubuta abin da aka sha da lokacinsa, da abin da ya ci, da fitsari da bayan gida, da duk wani sabon abu. Yaro ɗan firamare ma yana iya riƙe alƙalamin. Littafin nan yana hana mutum biyu ba da ƙwaya ɗaya sau biyu, yana kuma gaya wa likita cikin minti biyu abin da baki zai manta.

5. Yadda za a haɗa su

Dabarar ita ce a ɗaure kowane aikin magani a jikin aikin gida da ba a mantawa. Ga misalin yini ga wanda ke kwance.

Da asuba: a juya shi, a canza zane, a goge baki, a ba da maganin da ake sha kafin abinci.
Da hantsi: kunu da ƙwayoyin safe, sa'an nan wanka, da duba fata, da wanke rauni. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa rauni da bayan an gama.
Da rana: a zaunar da shi a inuwa, a motsa masa gaɓoɓin da suka shanye a hankali kamar yadda aka nuna a asibiti. Abinci, da ƙwayar azahar. Nan mai jinya ya kwanta shi ma.
Da yamma: baƙi su gaisa, kada su daɗe. Tuwo da maganin magariba.
Da dare: ƙwaya ta ƙarshe, a rubuta littafi, a raba juyin dare tsakanin mutum biyu.

Ran da hannu ya kasa, mai jinya ya san abin da ke gaba. Abu huɗu ba a ɗaga su: magani a kan lokaci, ruwan sha da abinci, juyawa, da canza jiƙaƙƙen zane. Shara, da wankin sauran kaya, da girkin baƙi, duk suna iya kwana.

Wani lokaci al'ada takan yi karo da umarnin likita. Wankan jego hidima ce ta ƙauna. Amma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yawan ciwon zuciya da suke gani a jikin masu jego, suka kuma danganta shi da yawan kunun kanwa, da wanka da tafasasshen ruwa, da kwanciya a kan gadon ƙasa mai zafi. Ba mu ce a bar lura da mai jego ba. Ruwa mai ɗumi ya isa, kunun gyaɗa yana nan. Wadda jininta ya hau da ciki, ko ƙafarta ta kumbura, ko numfashi ke yi mata wuya, ba a ba ta kanwa, a mai da ita asibiti.

A kuma lissafta da damina. A 2022 ambaliya ta yanke hanyoyi da yawa a Jigawa. Wanda ke kan magani na kullum, a karɓo masa sabo tun da sauran na mako guda a gwangwani.

6. Iyakar mai jinya

Mai jinya ba likita ba ne. Kada ya ƙara ƙwaya ko ya rage da ra'ayinsa. Kada ya ba da ragowar maganin wani domin ciwon ya yi kama. Kada ya kira wanda ba a horar ba ya yi allura ko ƙarin ruwa a ɗaki. In ana ba da jiƙo ko saiwa, a gaya wa likita gaskiya, gama wasu ba su jituwa da ƙwaya, wasu kuma suna cin ƙoda.

Ga alamun da ba a jiran gari ya waye a kansu: baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe farat ɗaya; numfashi da ƙyar ko ciwon ƙirji; jijjiga ko suma; aman da ya hana ruwa zama; rashin fitsari yini guda; zubar jini ko ciwon kai mai tsanani ga mai ciki ko mai jego; gyambo mai wari tare da zazzabi. Mai zawo a kaɗa masa ƙullin gishiri da sukari na asibiti cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ya riƙa kurɓa ko a kan hanya. Tun ana zaune lafiya a yi magana da mai mota ko mai babur, a riƙe lambar wayarsa, a kuma ɓoye kuɗin hanya dabam.

7. Mai jinya ma jiki gare shi

A Fitowa sura 18 Yetro ya ga Musa yana shari'a shi kaɗai tun safe har yamma, ya gargaɗe shi cewa zai gaji, jama'ar ma su gaji, ya ba shi shawara ya raba aikin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk da haka a gidaje da yawa jinya takan faɗa kan mace guda, wadda ita ce kuma mai daka, mai girki, mai goyo. Ba ta barci, ba ta ci a kan lokaci. Mai jinyar da ba ta yi barci ba ita ce za ta rikita ƙwayoyi, ita ce kuma za ta daka wa tsoho tsawa, ta koma ta yi kuka a ɓoye. Wannan gajiya ce, kada a kira ta rashin ƙauna.

Saboda haka iyali su zauna tun makon fari, a raba aiki da suna. Wane wankan baba. Wance girki. Wane kai shi asibiti. Na birni su ɗauki kuɗin magani wata wata, su kuma zo su karɓi jinya ko na mako guda ne, gama waya ba ta juya marar lafiya. Mutum ɗaya ya zama mai riƙe gwangwanin magani da littafi. A yi maganar kuɗi a fili, kada a wayi gari rumbu ya ƙare ba wanda ya sani.

Kada a cire yarinya daga makaranta domin jinya. Tana iya taimako da yamma. Jinyar shekara guda za ta wuce, karatun da aka yanke kuwa da wuya ya komo.

Mai jinya ta sami barcin awa huɗu ko biyar a jere kowane dare, da yini ɗaya a mako da wani zai karɓe ta. In za a ɗaga babba, mutum biyu su kama da zane, su lanƙwasa gwiwa, kada su sunkuya da baya. In ita ma tana kan magani, kada ta bar nata. Marar lafiya kuma a bar shi ya yi duk abin da yake iyawa, ko riƙe cokali ne da hannun da ya ragu. Hakan yana rage aiki, yana kuma mai da masa ƙarfi da mutunci.

8. Rabon ekklesiya

Zumunta a ƙafa take. Amma gaisuwar mutum ashirin da ke sa mai jinya ta tashi kawo ruwa da tabarma ƙarin kaya ce. In mun je, mu je da hannu. Zumuntar mata su jera sunaye, kowace rana mace ɗaya ta zauna awa biyu domin 'yar'uwa ta yi barci. Matasa su ɗebo ruwa, su faskara itace, su yi gayya a gonar gidan. Dattawa su tambaya ko magani ya kusa ƙarewa. Kada kowa ya gaya wa marar lafiya ya zubar da ƙwaya domin ya nuna bangaskiya, kada kuma a sa mai ciwon suga azumi ba da shawarar likita ba. Maƙwabcin da ba ya zuwa sujada tare da mu, in jinya ta sauka gidansa, shi ma mu kai masa irin wannan hannu.

Wani ciwon ba zai warke ba. Ko a nan ma aikin bai zama banza ba. Mutum ya ƙarasa kwanakinsa a kan busasshen zane, an rage masa zafi, nasa suna kusa da shi, wannan babbar hidima ce.

Tambayoyi domin bincike

1. Waɗanne ayyuka ne Basamariye ya yi da hannunsa, wanne kuma ya bar wa wani?
2. Faɗi tambayoyi biyar da za a yi kafin a baro asibiti.
3. Waɗanne abubuwa huɗu ne ba a ɗagawa ko da hannu ya kasa?
4. Me ya sa ba a daina maganin hawan jini ko na tarin fuka domin an ji sauƙi?
5. A cikin ekklesiyarku, wane gida ne ke jinya yanzu? Wa ke ɗauke da ita, wace rana kuma za ku je ku karɓe ta?